Ramin Layin Kawu

Aikinta a kamfanin fim ɗin yayanta shi ne nemo wurin ɗauka, shi ya sa ake ce mata 'Yar Leƙe. Kamfanin ma dai suna ne kawai: ita, da yayan nata da ya naɗa kansa Darakta, da Dogo mai kyamara, sai Jarumar da suka lallaɓo kafin ta koma makaranta. Takardar izini kuwa, sun yi ta sintiri a ofis har takalmansu suka haddace hanya, kullum mai sa hannu yana wurin taro. Sai suka koma ɗaukar sata: a ɗauka, a arce.

Ƙarshen fim ɗin yana buƙatar rami. Jaruma za ta hau katako a kan ruwa, ta kai tsakiya, ta faɗa ciki. 'Yar Leƙe ba ta sha wahalar nema ba, don akwai wani a ƙofar shagon kawunsu, ramin da ya girmi rabin yaran layin. Har kwatance ake yi da shi: in ka wuce rami, gida na biyu. Babur ya faɗa, akuya ta faɗa, amma bakin kowa "sai haƙuri". Ba kalmar da take ƙona mata rai kamar wannan.

Suka ɓoye kyamara cikin kwalin sabulu a kan teburin Kawu. Jaruma ta kai tsakiyar katako ke nan, sai wani mai rigar ofis ya tsayar da babur, ya ƙura wa kwalin ido.

"Daga wane gidan talabijin kuke?"

"Dogo, kwashe!" in ji Darakta. Ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Da ƙura ta lafa suka dawo ɗaukar faɗuwar, suka tarar da kwalta sabuwa fil, sai ƙyalli take.

Darakta ya ɗora hannu a ka. "Kawu, ina raminmu?"

"Raminku? Da kuka gudu, washegari motocin gwamnati suka zo suka cike shi. Sun zaci a labarai za ku sa su. Allah ya yi muku albarka, ɗan nan!"

"Wace albarka? Yarinya tana tsakiyar katako, ba ta faɗa ba! Ƙarshen mako za ta tafi. Fim ɗin da ba shi da ƙarshe wa zai kalla?" Ya juyo kan ƙanwarsa. "Ke kika zaɓo wurin nan."

"Yaya, ni na cike shi?"

"Ko a haƙe shi kaɗan?" in ji Dogo.

Kawu ya ɗaga tsintsiya. "Taɓa ka gani, zaƙaƙurin banza."

'Yar Leƙe ta tsaya tana kallon kwaltar, dariya da haushi suna kokawa a ƙirjinta. Ashe akwai motar, akwai tsakuwar, akwai ma'aikatan. Shekara da shekaru abin da aka rasa kawai kwalin sabulu ne mai ido.

Ana cikin haka sai ga Tela na layin baya, da tef a wuya, yana haki.

"Ku ne masu kyamarar? 'Yar nan, don Allah ku zo namu. Wannan ai kwano ne. Namu har kwaɗi sun yi jikoki."

"Ƙarya yake, namu ya fi zurfi!" in ji wata mai wanki da ta biyo shi.

'Yar Leƙe ta bi su ta duba. Na Tela ya yi: ruwan kore ɗaya, bangon bayansa ma kusan kala ɗaya. Katakon kuwa Kawu ya riga ya mayar da shi benci, sai da suka tashe shi daga kai suka ɗauko.

"Wannan karon a ɓoye ta da kyau," in ji Darakta.

Aka ɓoye. Jaruma ta hau, ta kai tsakiya, ta faɗa tsundum, ta fito tana tsine wa duk wanda ya rubuta labarin. Darakta ya duba hoton, ya yi tsalle.

"An gama! Dogo, kwashe!"

"Tsaya tukuna," in ji 'Yar Leƙe. Ta zaro kyamarar daga kwali, ta kafa ta a kan ƙafafunta a tsakiyar titi, inda makaho ma zai yi tuntuɓe da ita.

"Ke, batir ya mutu fa," in ji Dogo.

"Su sun sani ne?" Ta juya ga mai wanki. "Inna, je ki shirya. Daga nan naku za mu."