Hular Mushe Isiyaku

Madam Tsahara na koyar da 'yan aji biyu a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta ƙauye kusa da Tsarnawa, inda ake fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Duk ƙarshen wata takan kira yara ɗaya bayan ɗaya su karanta mata shafi da ƙarfi, ta ba su maki. Kusan kowa na ci, ban da Mas'udu, wani siririn yaro mai in'ina, wanda da ya buɗe baki sai kalma ta maƙale, aji ya fashe da dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Ran nan Uwani, wadda ta fi kowa maki, tana zuba karatu kamar ruwa, sai Madam ta lura idon yarinyar na kan taga, tana kallon wata babbar motar siminti da ta fito daga Malbaza. Motar ta wuce, karatun bai tsaya ba. Ashe hadda ce!

Washegari ta fitar da aji gindin itacen bedi, riƙe da allo da alli.

"Yau ba mai buɗe baki," in ji ta. "Zan rubuta abu, in nuna maka. In ka gane, ka tashi ka aikata."

Ta rubuta wa Ashiru: "Ka ba Gimbiya tsintsiya." Ashiru ya ƙura ido, ya gane kalmar tsintsiya kawai, maimakon ya miƙa wa Gimbiya 'yar ajinsu, sai ya ɗauka ya hau shara da ƙarfinsa har ƙura ta turnuƙe su. Yara suka yi ta birgima don dariya. Madam ma sai da ta rufe baki da gyale, amma ta gane inda ya tsaya. Uwani kuwa, da aka rubuta mata nata, ta dubi allon, ta dubi Madam, ta yi murmushin kunya.

"Ba komi, ɗiyata, zauna. Yanzu na san inda za mu fara."

Da aka zo kan Mas'udu, ta rubuta mai sauƙi: "Ka taɓa ƙofa." Kafin ta sauke allon har ya taɓa ya dawo. Ta ƙara: "Ka tsaya da ƙafa ɗaya bayan Ashiru." Ya yi. Daɗi ya kama Madam, ta goge, ta cika allon da wasa, tana zaton a nan zai tsaya: "Ka je aji shida, ka ari hular direkta, ka aza ta a kan Gimbiya."

Mas'udu ya karanta, ya dube ta, ya ruga.

"Kai, dawo! Wasa nike!" Amma ina, ya riga ya sha kwana.

Can sai ga shi da hula a hannu, direkta, shugaban makarantar da suke kira Mushe Isiyaku, na biye da shi, sanƙonsa na ƙyalli a rana. Yaron ya aza hular a kan Gimbiya, ta rufe mata ido.

"Madam, mi ke faruwa? Yaro ya ce ke kika aiko shi."

Ta miƙa masa allon, ta yi masa bayani tana haɗiye dariya. Direkta ya karanta, ya dubi Mas'udu sama da ƙasa.

"Wannan da ake ce mini bai iya komi ba?"

"Bakinsa ne ke tsayawa, Mushe. Ni ce ban iya tambayarsa ba."

Mushe Isiyaku ya karɓi alli, ya rubuta: "Maido mini hulata, rana ta ishe ni." Mas'udu ya kwashe da dariya tun kafin direkta ya gama rubutun, ya ciro hular ya miƙa da hannu biyu. Yara suka yi ta tafi.

Direkta ya gyara hularsa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ranar Alhamis ki zo da allon nan ajina. Akwai manya uku da nike shakkar karatunsu."