Andrawus a Tsaye

"Kada ka motsa, Baba," in ji Nu'uman, ko da yake tun hantsi tsohon bai ko gyara zama ba.

Andrawus yana zaune a gindin darbejiya, cikin harabar makarantar firamaren da aka jibge 'yan gudun hijira a garin Birnin Gwari. Nu'uman malamin zane ne a wata sakandare. A kwaleji an koya masa cewa ba a iya zana mutum sai an san ƙashin da ke ƙarƙashin fatarsa, amma ya shekara biyar bai sami wanda zai zauna masa awa guda ba. Wasu su ce ba su da lokaci, wasu su ce haramun ne. Sai a nan ya tarar da mutanen da zama ya zame musu aiki.

Andrawus manomi ne daga wani ƙauye bayan Kakangi. 'Yan bindiga suka fito daga daji ana tsakar girbi, suka ƙone rumbunansa uku, suka harbe matarsa a bakin rijiya. 'Yarsa Rebecca tana aure a Kaduna, ya kuma hana a gaya mata halin da yake ciki.

Duk Asabar Nu'uman yakan zo da takarda da gawayi da ƙullin ƙosai. Tsohon ya ci ɗaya, ya miƙa wa mata masu goyo sauran.

* * *

A wata na huɗu Nu'uman ya jera zane-zanen a tsakar ɗakinsa. Da farko daɗi ya ji, don a ganinsa hannunsa ya faɗa. A na baya-bayan nan haƙarƙari ya fito ɗaya-ɗaya, ramin wuya ya yi zurfi, gwiwa ta fi cinya kauri. Da ya koma kan na farko, sai ya haɗa shi da na ƙarshe ya kwatanta. Ashe ba shi ne yake ƙwarewa ba, mutumin ne yake ƙarewa.

Sau biyu a gabansa manya suka zo makarantar da motoci, aka sauke buhunan shinkafa, aka ɗauki hotuna, aka mayar da fiye da rabi cikin mota. Shi kuwa yana can yana gyara inuwar kafaɗa.

Ranar Asabar ya je da ƙwaryar gero, ya ce ya daina zanen. Andrawus ya girgiza kai.

"Malam, duk a zaune ka zana ni, kamar mai jiran sadaka. Ni kuwa rana ba ta taɓa samuna a zaune ba. Ka zana ni a tsaye da garma, ka aika wa Rebecca."

Aka aro garma a maƙwabta. Tsohon ya miƙe, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗaga kai yana duban yamma, wajen gonarsa. Nu'uman ya hau zane da sauri. Bai gama ƙafafu ba sai ya ga suna karkarwa. Garmar ta suɓuce, Andrawus ya durƙushe a ƙasa yana haki.

"Ka samu?" ya tambaya.

"Na samu, Baba."

* * *

Bayan kwana goma Andrawus ya rasu. Hanyar Kaduna ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji, saboda haka kafin Rebecca ta iso an riga an binne shi.

Kafin nan Nu'uman ya ƙarasa zanen da ka. Ya cika masa ƙirji, ya mayar masa da damatsa, ya ba shi wuyan mutumin da ke cin tuwo sau biyu a rana. Ya zo makarantar ya sami Rebecca, da niyyar nuna mata zane-zanen duka, ta ga gaskiya da idonta, amma wannan ya fara miƙa mata.

Ta daɗe tana kallo, tana share hawaye da bakin gyalenta.

"Haka yake," ta ce. "Na gode wa Allah, Malam, da Baba bai sha wahala ba."

Nu'uman ya ce amin. Sauran takardun goma sha shida suna naɗe a hammatarsa, ya ƙara matse su har gawayin ya ɓata masa riga.