Ɗakin Kwanon da Jaji Ya Yi wa Tantabaru

Shekara goma sha tara Jaji mai walda yana kiwon tantabaru, kuma ba irin na tukunyar miya ba. Masu alkafura ne, waɗanda in sun lula sama sai su dunƙule su riƙa wuntsilowa kamar an harbo su, sai sun kusa ƙasa su ware fiffike. Da kansa ya haɗa irin, wannan namiji da waccan mace, shekara da shekaru, har ya samu abin da duk Dutse babu mai kamarsa. Uwar garken wata ja ce mai farin wuya, yana ce mata Zinariya.

Ko ƙwai ɗaya bai taɓa ba wani ba. Abokinsa Reuben, mutumin Filato da ke aiki a sakatariya, shi ma mai kiwo ne, ya fi shekara goma yana roƙo.

"Malam Jaji, 'yan shila biyu kawai. Ko wani abu ya faɗa wa naka, ka san kana da ajiya a wani gida."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Jaji. "Je ka ci gaba da kiwon kajinka masu tashi."

A gidan hayar da ya zauna a Yalwawa, ɗakin tsuntsayen na laka ne, a gindin darbejiya, da tukwane a jere a ciki. Sanyi kamar randa. Aibinsa ɗaya, gafiya. Ta haƙo ta ƙasa a wata damina ta cinye masa 'yan shila biyar, tun daga ranar ya rantse in ya yi gidan kansa babu laka babu kara.

Da ya gama gidan nasa a bayan gari, fili ne fetal ko tsiron geza babu, ya cika rantsuwa. Ƙasa siminti, ginshiƙai na ƙarfe, kwano a sama, kwano gefe uku, gaba raga. Ya juya fuskar ɗakin yamma don ya riƙa hango su daga ƙofar ɗakinsa. Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu.

Reuben ya zo gani da hantsi. Ya ɗora tafin hannu a kan kwanon, ya janye da sauri.

"Wannan ai tanderu ne. Gurasa za ka fara gasawa?"

"Gafiya ta zo ta ci ƙarfe in gani."

"Ba gafiya nake ji maka ba. Bazara muke ciki. Ka ɗora masa zana biyu, ka buɗe iska ta baya."

"Zana gidan ɓera ce. Kai da biro aka san ka, ni da ƙarfe. Kowa ya tsaya a sana'arsa."

Duk mai kiwo ya san dokar sabon gida: tantabara ba a sakinta sai ta yi ƙwai a wurin, in ba haka ba tsohon gida za ta koma. Don haka ya zuba su talatin da biyu, ya danna kwaɗo. Ya san matarsa Adawiyya da tausayi, sai ya jefa makullin a aljihu.

"Ko gobara aka yi, kada ki taɓa kwaɗon nan."

Kwana shida yana dawowa daga shago da azahar, ya watsa wa rufin ruwa, ya sake na kasko. Yana ganin bakunansu a buɗe suna haki, yana cewa baƙunta ce. Rana ta bakwai aiki ya kira shi Miga, ƙofofin wasu shaguna. Ya cika kasake biyu bayan asuba ya tafi.

Ranar, don zafi, ko tsuntsun daji bai yi kuka ba. Jaji ya rataye rigarsa a ƙusa da waya a ciki, janareta na ruri, wuta na tartsatsi. Sai da la'asar ta yi ya ga kiran Adawiyya sha ɗaya.

"Baban Madina, ka taho," in ji ta. "Faɗuwa suke yi."

"Watsa wa kwanon ruwa!"

"Tun azahar nake watsawa, randa ta ƙare. Yanzu rana ta juyo ta cikin ragar. Ga abokinka Baban Beki nan na kira shi, ya zo da guduma."

"Kada a buɗe! Guduwa za su yi! Ki rufa musu zani, ga ni nan!"

Ya kashe waya. Motar da ya samu ta tsaya a Jahun jiran fasinja, ta sake tsayawa sauke buhuna. Hannunsa na cikin aljihu yana murza makullin har ya yi masa shaida a yatsa.

Ana kiran magariba ya shiga gida. Ƙofar ragar a wangame, kwaɗon a ƙasa a fashe. Reuben na zaune a kan bulo, rigar ofis ta jiƙe ta manne masa. A gabansa an shimfiɗa buhu, an jera su a kai, ƙafafu a sanƙare. Jaji ya tsuguna ya ƙirga da yatsa. Talatin da ɗaya.

"Na bi maganarka," Adawiyya ta ce daga bakin ƙofa, murya a dushe. "Na tsaya a gaban kwaɗon na hana shi, ya fi awa. Da ya ga na zauna ina kuka ya fasa. Ko yanka ba a samu yi ba."

"Uku suka fita da rai," in ji Reuben. "Biyu ba su wuce katanga ba. Jar ta tashi, ta yi gabas."

Jaji ya leƙa cikin ɗakin. Rana ta faɗi, amma hucin da ya bugi fuskarsa kamar na bakin maƙera. Kasaken a bushe. Gafiya dai ba ta shiga ba. Ya nemi wanda zai zaga, ya duba matarsa, ya duba Reuben, bai samu ba.

Da sassafe ya ɗauki gwangwanin gero ya nufi Yalwawa. Mai gidan ya riga ya rushe tsohon ɗakin lakar zai fitar da shago. A kan tsibin ƙasar, a inuwar darbejiya, Zinariya na tsaye cikin fasassun tukwane tana juyi. Ya kaɗa gwangwanin. Ta daɗe tana kallonsa da ido ɗaya kafin ta sauko hannunsa. Ba nauyi, kamar tsumma.

Mace ɗaya ba ta yin iri. Duk namijin da ya dace da ita yana cikin ramin da suka binne su jiya a bayan gida. Ya tuna 'yan shila biyun da aka shekara goma ana roƙo.

Bai koma gida da ita ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Reuben, ya same shi da burushi a baki, ya miƙa masa.

"Ungo. Ɗakinka na laka ne."

Reuben ya tofar da kumfa, ya karɓa hannu biyu.

"Ka san mazan da nake da su. 'Ya'yan ba za su yi alkafurarta ba."

"Na sani."

"To in ta yi 'yan shila..."

"Ka riƙe abinka."

Ya juya. A gida Adawiyya ta ajiye masa koko, bai kalla ba. Ya jawo injin yanka ƙarfe ya jona, ya fara daga rufin. Walda ce ta gwani, ba ta ɓalluwa da sauƙi. Har rana ta take yana yanka.