Fetur Zalla

Toktar ya ja igiyar injin karo na bakwai, babur ɗin ƙanƙarar ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Matarsa Raushan tana tsaye a ƙofar maƙwabcinsu Baba Kabdesh, rungume da bargunan da za ta shimfiɗa wa tsohon a keken da ake ɗaurawa a bayan babur.

"Ja mana! Mutum yana ciki numfashi na neman ƙwace masa."

"Sanyi ne ya kama injin," in ji Toktar, bai ɗago ba.

Tun da safe ƙirjin Baba Kabdesh ya riƙe. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar mota tun watan jiya. Asibiti kuwa yana can gangare, awa guda a babur, wuni guda a doki. Sauran babura biyu na ƙauyen sun tafi kai wa makiyaya garin abinci. Shekara ashirin tsohon yana gyara wa mutane injuna, kuma nasa babur ɗin, wannan da ya ƙi tashi yau, kullum a shirye yake, makulli a jiki. Mai naƙuda, mai karaya, duk shi ke kai su. Bai taɓa hana kowa ɗauka ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a zuba mai daga jarkarsa, wanda ya gauraya da baƙin mai da hannunsa, don irin wannan injin ba ya shan fetur zalla.

Raushan ta koma ciki. Tsohon yana jingine kusa da murhu, leɓunansa sun yi duhu, amma kunnensa na waje.

"'Yata, ce masa ya bar wahalar da kansa. Ba ki ji igiyar na zuwa sakayau ba? Ya kwanto fulogi ya kawo mini."

Toktar ya shigo da shi a tafin hannu. Tsohon ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya murza da babban yatsa.

"A bushe, ga ɓurɓushin ƙarfe. Fistin ɗin cikin injin ya ƙone. Wa ya ba shi fetur zalla?"

Nan take Raushan ta tuna buhun kifin da mijinta ya shigo da shi shekaranjiya, ya ce da doki ya je tafki. Ita ta soya shi, har ta kawo wa tsohon a faranti.

"Kai ne! Wallahi kai ne!"

"Mai ne ya ƙare mini a bakin tafki, wani ya sam mini kaɗan. Na ɗauka ba zai yi komai ba."

"Shi ne ka lallaɓo da shi ka rufa masa tamfol ka yi gum? Ba ka da baki ne? Da ka faɗa, ai da tun jiya ya gyara, ga sabon fistin can a akwatinsa!"

"Kunya na ji."

"Kunya? To sai ka ɗora shi a kan kunyar taka ka kai shi asibiti!"

Baba Kabdesh ya so yin dariya, tari ya tare shi. "Ƙyale shi, 'yata. Kifin dai ya yi daɗi. Kai kuma, ajiye mini sifanata kafin ka ɓatar, je ka ɗaura wa doki keke."

Suka naɗe shi cikin barguna, Toktar ya tafi da shi da hantsi. Raushan ta kasa zama. Ta share ɗakinsa, ta ƙara itace a murhu don kada ya dawo ya tarar da sanyi, tana yi tana masifa ita kaɗai.

Ko gadar bakin ƙauye ba su ƙetare ba. Kafin la'asar ta hango dokin yana dawowa a hankali, Toktar na tafe a ƙasa riƙe da linzami, an ja bargo har kan fuskar tsohon. Da ya iso ya buɗe baki zai yi magana, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba.

Washegari ita ta dafa ruwan wankan gawa. Ta miƙa bokiti biyu ta bakin ƙofa, can dattijon da ke wankan ya leƙo.

"A ƙaro ɗaya, 'yata. Baƙin man da ke faratansa ya ƙi fita."

Ta ƙaro. Da aka gama, aka fito da ruwan aka zubar a bayan rumfa. Ta tsaya tana kallon yadda ya huda dusar ƙanƙara, baƙi-baƙi, tururi na tashi daga ramin.