Ƙusar Hannun Riga

Tun ranar da Baba ya ce ƙarshen wata zai ajiye aiki, ya miƙa makullin injin niƙa ga ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyu, Dogo bai sake jin daɗin abinci a bakinsa ba. Shi ne babba. Shekara goma sha biyar yana saɓa buhunan masara da dusa, yana auna abincin kaji, yana shan masifar masu kiwo. Amma da zarar inji ya tsaya, magana ɗaya ce ke fita daga bakin tsohon: "Ku kira min Auta."

Sai ka ga Auta ya taho yana rangaji da sifana a aljihun baya, sai ka ce likita ya zo duba mara lafiya. Har masu kawo niƙa sun fara ce masa Injiniya. Injiniyan me? Mutumin da Dogo ya sha goya shi, ya sha share masa majina! Kishi dai Dogo yake yi, ƙiri-ƙiri, kuma ko shi ya sani.

Abin da ke tsayar da injin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsakanin moto, wato injin lantarkin da ke juya komai, da injin niƙan kansa, akwai wani bututun ƙarfe mai kauri, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Shaf ɗin moto, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, ya shiga ta wannan bakin, shaf ɗin niƙa ya shiga ta wancan, sannan a soke su da ƙusa don su juya tare. Baba ne ya ƙera shi da hannunsa, kuma hannun riga yake kiransa. To, ƙusar ɓangaren niƙa ce ke karyewa, wani lokacin sau biyu a mako. Moto ya yi ta juyawa shi kaɗai, niƙa ta tsaya cak. Auta ya zo ya fitar da guntayen, ya buga sabuwa, a tafa masa.

Wata rana Dogo ya tsinci guntun ƙusar a ƙasa, ya danna ta da filaya, sai ta lotsa kamar gwangwani. Nan take zuciyarsa ta ba shi amsar da ta daɗe tana nema. Ashe da gangan ne! Ƙusa mai laushi yake sawa don ta riƙa karyewa a riƙa nemansa.

Da safe, kafin kowa ya iso, ya fitar da ƙusar Auta ya buga wani baƙin ƙarfe mai tauri da ya samo daga wurin masu gyaran tirela. Kwana tara inji bai ko yi tari ba. Auta ya rasa aikin yi sai sharar gari a ƙasa, Dogo kuwa har fito yake yi a bakin ma'auni. Ya tanadi maganarsa tsaf, ranar miƙa makulli zai fasa ta a gaban kowa.

A rana ta goma, da hantsi, wani ƙaton noti da ya ɓuya cikin buhun masara ya faɗa bakin niƙa. Da ƙusar Auta ce da ta yi "ƙas", shi ke nan. Wannan kuwa ta ƙi sakin jiki. Injin ya yi wata ƙara da ta sa mata suka watsar da buhuna suka yi waje. Kafin Auta ya kai ga makunni, shaf ya murɗe, hannun riga ya tsage gida biyu, moto yana ta hayaƙi yana warin ƙonannen waya.

Baba ya durƙusa da ƙyar, ya zaro baƙin ƙarfen daga cikin tsagar. Ko lanƙwasa bai yi ba.

"Wa ya sa wannan?"

Auta ya dubi ƙarfen, ya dubi yayansa, ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Na ga ƙusoshin sun ƙare."

Wannan rufin asirin ya fi mari yi wa Dogo zafi. Har a nan ma shi ne zai zama na kirki?

"Ƙarya yake! Ni na sa. Ƙusar banza yake bugawa don ku yi ta kiransa."

"Ni nake yanka masa su," in ji Baba. "Don ta karye aka yi ta. Ita ke mutuwa a madadin moto. Sau nawa ina cewa zo ka gani, kana cewa aikin Injiniya ne?"



Tsohon ya juya rabin hannun rigar a tafinsa, ya goge baƙin mai da babban yatsa. "Wannan hannun rigar, a makon da aka haife ka na yi shi." Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya kama hannun Dogo ya damƙa masa.

"Dama naka ne. Ƙanenka akwatin kayan aiki ya roƙe ni, shagon gyara yake so ya buɗe. Shi ya ce in bar maka injin, kai ka san mutane." Ya dafa kafaɗar Auta ya miƙe. "To, ga abinka nan."

Dogo ya tsaya da makulli a hannu, yana kallon hayaƙin da bai gama fita daga moto ba. Auta ya zaro sifana daga aljihun baya, ya durƙusa gaban injin.

"Yaya, riƙe min nan," ya ce.