Fanka Uku, Famfo Ɗaya

Ƙarfe sha biyu da rabi Yaya ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba.

"Auta, kwamfutar nan da kika haɗa min ta sake mutuwa. Karo na uku ke nan."

Yayata mai zanen gine-gine ce. Wata huɗu ta yi tana zana wani asibitin yara, kuma ƙarfe biyu na ranar nan za a rufe karɓar zane a gasar da ta shiga. Saura hotunan ƙarshe kawai kwamfutar ta fitar. Na rufe shagona, na ɗauki jakar kayan aiki, na tari babur.

Na same ta tsaye a ɗakin aikinta, ɗankwali ya zame ba ta ma sani ba. Mijinta yana jingine a bakin ƙofa. Kullum da tsokana yake tarbata, "Injiniya ta iso," amma yau ko kallona bai yi ba.

Na kunna. Zafin ƙwaƙwalwar kwamfutar ya fara hawa: digiri saba'in, tamanin da biyar, casa'in da shida. Na kashe da sauri.

Mai sanyaya ta na ruwa ne: ƙaramin famfo yana tura ruwa zuwa lagireto, fanka uku suna busa shi. Na cire murfin gefe, na haska da waya. Wayar famfon da ta fankokin duka an cusa su a reshe ɗaya, an soka a soket guda na babban allon da duk sassan kwamfutar suke manne a kai. Gefen soket ɗin ya yi baƙi, yana warin ƙonannen roba.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Wa kuwa zai buɗe? Ke kika haɗa," in ji Yaya. "Na ce miki a kai wa manyan masu gyara, kika ce kin iya."

Maganar ta soke ni, amma na haɗiye. Ɗaya saura kwata.

Soket biyu suka rage. Famfo dole a ba shi nasa shi kaɗai. Ɗayan kuma zai ɗauki fanka uku, in zai iya. In na yi kuskure shi ma ya ƙone, shi ke nan. Na kwance fanka ɗaya, na karanta ɗan rubutun bayanta, na ninka wutar da take ja sau uku, na duba littafin allon. Zai ɗauka, da ƙyar.

Haƙoran soket ɗin huɗu ne, sirara kamar allura, kuma yatsuna sun jiƙe da gumi. Sau biyu ina kuskurewa.

"Auta, ƙarfe ɗaya fa ta wuce."

"Yaya, don Allah ki yi shiru!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta yi shirun.

Na kunna, na ɗora yatsa a kan famfon. Ba komai. Sai na ji wata 'yar rawa a ƙarƙashin yatsana, ruwa ya yi ƙara a cikin bututu, fankokin suka juya tare. Yaya ta sa kwamfutar ta ci gaba da fitar da hotunan, muka zuba wa lambar zafin ido. Sittin da takwas. Saba'in da biyu. Saba'in da huɗu. Ya tsaya nan.

Minti talatin muna kallon lambar, ba mai motsi. Biyu saura minti goma sha ɗaya ta tura zanen, ta zube a kujera.

"Ni ne," in ji mijinta a hankali. "Jiya na ga datti ya cika ciki, na ce bari in share miki kafin yau. Na cire wayoyin, na manta inda kowace take."

Yaya ta kalle shi. Sannan ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa.

"Ƙanwata, kin ci abinci kuwa?"

Na ce a'a. Ta tashi ta nufi kicin, shi kuma ya durƙusa yana tsince min sukurorin da suka warwatse a ƙasa.