Jan Tabo a Bakin Tafki

Mijin yayata, Clem, zai ɗauki hoton dutse ɗaya sau dubu bai gaji ba, amma ka ce ya ɗauki ɗan Adam sai ya ɓata rai kamar ka zage shi. Duk ƙarshen Afrilu, idan 'yar bishiyar nan ta tsaunukanmu na tsibirin Tasmania ta rine ganyenta ruwan ɗorawa kafin ta zubar, shi da Yaya Noreen sukan bar birnin Hobart su haura tafkin da ke saman tsauni, kamar yadda rabin gari ke yi.

Yakan kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya rufe idonta da baƙin gilashi, ya bar ta tana ɗauka na 'yan mintoci har ruwa ya fito sumul. A irin wannan ɗauka, duk abin da ke motsi ba ya fitowa. Yaya ta san haka, shi ya sa take ratsawa ta gabansa da jar rigar sanyinta tana masa gwalo, hoto kuma ya fito babu ko inuwarta.

Bara likita ya gaya mata cewa da wuya ta ga bazara, wadda a wurinmu sai ƙarshen shekara take zuwa. Clem ya ƙi yarda, ya ce likitoci ma suna kuskure. Ita kuwa da Afrilu ya zagayo ta ce in raka su tafkin, don ƙafarta ta fara gardama. A hanya, da ya yi mana nisa da kayansa, ta riƙe hannuna.

"Lorna, kin san duk shekarun nan ba ni cikin hotonsa ko ɗaya? Yau zan tsaya cak. Dole in fito."

"To ki gaya masa mana, Yaya."

"In roƙi wannan? Allah ya sawwaƙe. Sai dai ya gan ni da idonsa."

Mun isa tafkin rana ta ɗan leƙo ta tsakanin gajimare, ganye ya haska har cikin ruwa. Clem ya danna, ya ja baya yana kallon agogo. Yaya ta shiga gaban kyamara kamar kullum, amma da ta kai wani faffaɗan dutse a bakin ruwa sai ta juyo ta tsaya, ta gyara hularta.

"Noreen, wuce mana!" ya ɗaga murya. "In kin tsaya za ki ɓata min shi!"

"Kai, mijin yaya, bar ta!" na ce.

"Ke kuma 'yar rakiya, riƙe fulas ɗin shayinki. Haske zai tafi!"

Na ga ta dube shi, ta yi ɗan murmushi, ta wuce a hankali. Har yau in na tuna murmushin nan sai zuciyata ta yi zafi. Kafin in ja shi gefe in faɗa masa, hazo ya rufe tafkin, ƙanƙara ta fara sauka, dole muka gangaro.

"Baɗi zan ɗauke ki, da sabuwar riga," ya ce mata a mota.

Ta rasu cikin Yuli, tsakiyar sanyi a wurinmu.

Hoton ya fi duk wanda ya taɓa ɗauka kyau, ni da nake jin haushinsa ma na yarda. Aibinsa ɗaya, wani ɗan jan tabo a kan dutse, inda ta tsaya. Da na je gidan kwashe kayanta, na tarar ya wanke hoton wurin tabon kaɗai, ya faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa, ya jingina da bango. Babu fuska, babu hannu, sai ja da ya baje kamar rini a ruwa.

"Lorna," ya ce, bai juyo ba, "ba gajiya ce ta tsayar da ita ba, ko?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na kasa.

"So take ta fito."

Ya daɗe yana kallon jan.

"Saura kaɗan fa," ya ce. "Da na kama bakina, da ta fito."